Rijiya mai faɗin mita 1 da mai mita 2: ina kuɗin ya tafi?

Wani ɗan'uwa ya ce mai haƙa rijiya ya yanka masa farashi biyu, na mai faɗin mita 1 da na mai mita 2, zurfinsu ɗaya, mita 10. Kuɗin babbar ya ninka na ƙaramar kusan sau huɗu. Yana tambaya ko cuta ce, tunda faɗin sau biyu kawai ya ninka.

Malam, a wajen haƙa dai bai cuce ka ba. Awo biyu ake yi wa da'ira, kuma ba tare suke girma ba.

Akwai kewaye, wato tsawon igiyar da za ta zagaye bakin rijiyar. Ka ɗauki faɗin da ya ratsa ta tsakiya, wanda 'yan makaranta ke kira dayamita, ka ninka shi sau 3.14. Ƙaramar mita 3.14 ke nan, babbar 6.28. Ninki biyu cif, yadda ka zata.

Filin da ke cikin da'irar kuwa lissafinsa daban. Rabin faɗin ake ɗauka, wato radiyos, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da 3.14. Ƙaramar 0.5 × 0.5 × 3.14, ya ba da murabba'in mita 0.785. Babbar 1 × 1 × 3.14, wato 3.14. Ka ga radiyos sau biyu ya shiga lissafin, shi ya sa ninki biyu ya koma huɗu. In ka haɗa da zurfin mita 10, ƙasar da za a fitar daga ƙaramar kubik mita 7.85 ce, ta babbar 31.4, kuma duk da guga za a jawo ta waje.

Inda zan ce ka tsaya ka yi ciniki shi ne wajen ɗaure rijiyar. Bulo da siminti bango suke bi, bango kuma kewaye yake bi: murabba'in mita 31.4 a ƙaramar, 62.8 a babbar. In kaurin bangon ɗaya ne, kayan ɗauri kusan sau biyu za su ninka. Don haka ka ce ya raba maka kuɗin haƙa da na ɗauri, kowanne da nasa. In ya ninka na siminti sau huɗu shi ma, kada ka yarda.

Kuma ku daidaita tun kafin a sa diga: mita 2 ɗin nan faɗin ramin ne, ko faɗin ciki bayan an ɗaure? Bango mai kaurin santimita 15 zai cinye santimita 30 daga faɗin, ya bar maka mita 1.7.