Na'urar auna iskar tsoka: abin da na gani a Holan kafin mu zuba kuɗi

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da yaran da kake horarwa. Ya sanyin Jos? Mu ma namu ya kama, kafin ƙarfe biyar na yamma gari ya yi duhu.

Saƙonka ya iso, har da hoton ɗan abin nan da ka ga an manna wa wani ɗan tsere a cinya, kana tambaya ko zan sayo maka idan zan zo gida. Shawarata ita ce mu dakata tukuna. Na'urar ba damfara ba ce. Kulob ɗin guje-guje da nake taimaka wa da yamma a nan Nijmegen suna da ita, ina kuma ganin yadda ake aiki da ita. Sai dai yawancin abin da ya sa take da amfani a nan ba ya cikin kwalin da ake sayar da ita, kuma ba zan iya zuba shi a jaka in taho maka da shi ba.

Ƙarama ce, tafin hannu yana rufe ta. Ana manna ta a kan tsoka, galibi gefen cinya ta waje, sai ta riƙa tura wani haske mai kusa da ja ya ratsa fata ya shiga nama, ta karanta wanda ya dawo. Jinin da ke ɗauke da iskar oksijin da wanda ya riga ya sauke ta ba daidai suke shan hasken nan ba, to daga wannan bambanci take fitar da lamba, kashi kaza cikin 100. Ilimin ya daɗe. Tun 1977 wani masani na Jami'ar Duke a Amurka, Frans Jöbsis, ya nuna ana iya leƙa cikin jiki da irin wannan haske, kuma shekaru da yawa a asibitoci da ɗakunan bincike kawai ake samun na'urorin. Sabon abu shi ne an ƙanƙantar da su har mutum yana gudu da su.

Kada ka ɗauka ita ce ɗan maƙalin yatsa da ya cika asibitoci lokacin korona. Wancan yana faɗin yawan iskar da ke cikin jinin da zuciya ta turo, a lafiyayyen mutum 95 zuwa 100, kuma ko yana gudu ba ya sauka sosai. Wannan kuwa abin da ya rage a cikin tsokar da ke aiki take faɗa. Ka ɗauke ta kamar tankin ruwa da famfo ke zuba masa, ana kuma ɗiba ta ƙasa. Idan shiga ya yi daidai da fita, ruwan na nan inda yake. Idan ɗiba ya fi zubawa, sai ka ga yana ja da baya. Mutum na tsaye za ka ga 60 ko 70, da ya zabura sai ta gangara 30, 20, wani ma ƙasa da haka.

Inda ta burge ni shi ne saurin amsawa. Ka san bugun zuciya yana makara: yaro zai tsuga gudu na daƙiƙa 30, har ya tsaya zuciyar ba ta gama hawa ba. Lambar tsoka kuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi take faɗuwa. Kocinmu ya fi amfani da ita wajen hutun da ke tsakanin zagaye. Ka tuna yadda ake mana a filin Rwang Pam, mita 400 sau goma, hutun minti ɗaya ga kowa da kowa, wanda ya farfaɗo da wanda bai farfaɗo ba duk usur ɗaya ke tashinsu? Shi yana kallon lambar a agogo. Da ta koma inda ta saba komawa, sai ya saki ɗan tseren. Ranar da ta ƙi komawa bayan zagaye na shida ko na bakwai, ko ta ƙi sauka kamar yadda take yi da farko, ya san tsokar ta gaji, sai ya ce ya isa haka, ko da takarda ta ce goma. Akwai wata yarinya mai gudun mita 1500 da ta wannan hanya aka gane ɗumama jikin da take yi kafin atisaye ya yi mata kaɗan, aka ƙara mata lokaci. Yana kuma neman saurin da idan an wuce shi lambar ba ta ƙara tsayawa wuri ɗaya, sai gangara. A ƙasa kaɗan da wannan saurin yake ajiye dogayen atisayen 'yan gudun fanfalaki.

Maganar kaya kuma, ba za ka shiga Decathlon, babban kantin kayan wasanni na nan, ka tarar da ita a kan kanta ba. Ta intanet ake oda. Wadda ta fi suna ita ce Moxy, ta wani ƙaramin kamfani a jihar Minnesota ta Amurka, ta haura shekara goma a kasuwa, kuɗinta wajen dala 800 ko sama da haka, idan kuma ta shigo Holan a ɗora mata harajin kashi 21 cikin 100. Akwai ta nan Holan, Train.Red, wadda ta fito daga kamfanin Artinis da ke Elst, ɗan gari tsakanin nan da Arnhem, masu ƙera irin waɗannan na'urori don jami'o'i. Ita ma ɗaruruwan Yuro ce.

Ga inda nake so ka buɗe ido. An yi wasu masu araha sun mutu. BSX Insight ta birnin Austin a Texas, wadda ake sa wa a ƙafa cikin wata safa, an daina yin ta. Humon Hex ta Boston, da ake sayarwa ƙasa da dala 300, kamfanin ya rufe a 2020. Har yau za ka ga ragowarsu ana tallarsu hannu na biyu a farashi mai daɗi, kuma irinsu ne suke ƙarewa a kwantena su iso gida. Na'urar da ta dogara da manhajar kamfani, ranar da kamfanin ya rufe ƙofa rabin aikinta ya tafi. Don haka idan wani ya kawo maka ɗaya yana cewa daga waje take, tambayarka ta farko ita ce ko tana magana kai tsaye da agogo irin Garmin ba tare da intanet ba. Moxy tana yin haka, tana kuma ajiye bayanan a cikinta a sauke daga baya.

A nan idan ka sayi abu ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba, dokar Tarayyar Turai kuma ta ba ka garantin aƙalla shekara 2. Ta lalace, ka sa a ambulan, a gyara ko a canza. A Jos fa? Yaran kasuwar Taminus gwanaye ne, wayar da mutanen nan za su jefar su za su tashe ta, amma wannan ba su da kayan gyaranta, kuɗin aika ta waje da dawowa kuma ya isa sayen takalma ga yara da dama.

Sai abin da masu talla ba sa son daɗewa a kai: fata, kitse da rana. Hasken bai fi santimita ɗaya da ɗoriya yake shiga ba. Idan kitsen cinya ya yi kauri, kitse take karantawa, ta ba ka lamba mai kyau wadda ba ta motsi. Wannan ba zai dami siraran yaranka na tsere ba. Fata ce matsalarmu. Sinadarin da ya sa fatarmu baƙa yana shanye wani ɓangare na hasken, abin da ke dawowa ya ragu. A watan Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan sun wallafa a mujallar New England Journal of Medicine cewa na'urar yatsa tana kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Ba na'ura ɗaya ba ce da ta tsoka, amma duk da haske suke aiki, kuma ta fata suke bi. A kulob ɗinmu akwai samari 'yan asalin Eritiriya, kocin ba ya gwada lambarsu da ta kowa. Kowa da kansa ake gwada shi, na yau da na makon jiya, a wuri ɗaya a cinya, har alama ake yi da biro. Ka kauce da ɗan yatsa ɗaya, lamba ta canza.

Rana ma tana shiga ta gefe ta rikita ta, shi ya sa ake rufe ta da baƙin murfi ko matsattsen baƙin wando. Idan 'yar ranar Holan tana buƙatar haka, ka ƙiyasta tamu ta watan Maris. Ga gumi yana ɓamɓare filasta, filastar kuma saye ake kullum.

Na san hoton su Kristian Blummenfelt ne ya ja hankalin mutane da yawa, ɗan Norway da ya ci zinare a Tokyo a 2021 a gasar da ta haɗa ninƙaya, keke da gudu. Gaskiya ne su da kocinsu na wancan lokacin, Olav Aleksander Bu, sun riƙa manna irin waɗannan na'urori. Amma ba ita kaɗai ba ce. Ana tsaga musu yatsa ko kunne a auna laktet, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan aikin tsoka ya yi tsanani, ana auna numfashinsu, akwai kuma mutumin da aikinsa kenan, ya zauna ya haɗa lambobin su ba da ma'ana. A nan ma ɗan tseren da yake gudu don sha'awa yana iya zuwa wurin likitan wasanni, a ɗora shi kan injin gudu da takunkumi a fuska, ana ƙara sauri mataki-mataki ana ɗibar jini, kuma inshorar lafiya ta ƙari takan biya wani kaso. Da wannan gwajin ake daidaita abin da na'urar cinya ke faɗa. Idan babu shi, layi ne kawai yana hawa yana sauka a waya, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Na ga masu kuɗin da suka saya, suka yi ɗoki na ɗan lokaci, yanzu tana cikin durowa.

Akwai kuwa abin da kuka fi mu. A nan ba ka tashi haka kawai ka ce a gwada maka jini. Sai ka nemi ganin likitan unguwa, ka gamsar da shi akwai dalili, ko ka biya da tsada a wuri mai zaman kansa. Kai kuwa da safe za ka kwashi yaranka zuwa ɗakin gwaji, a duba yawan jini, a duba zazzaɓin cizon sauro, a duba ko akwai sikila, kafin la'asar sakamako na hannunka. Jinin nan shi ne mai dakon iskar da muke ta maganar aunawa. Yaron da maleriya ko tsutsar ciki ta rage wa jini, ko yarinyar da ƙarfen jikinta ya yi ƙasa, ba ka buƙatar na'urar dala 800 ta gaya maka me ya sa suke sarewa a zagaye na huɗu. Maganar sikila ma kada ka ɗauke ta da wasa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Ba ya hana wasa, da yawa ma ba su san suna da shi ba, amma atisaye mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya zame musu haɗari. Shi ya sa tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara wajabta wa manyan makarantunta sanin matsayin 'yan wasansu.

Ga kuma tudu. Wuri mafi tsawo a ɓangaren ƙasar nan da ke Turai, can iyaka da Jamus da Beljiyam, mita 322 ne kacal. 'Yan tserensu kuɗi suke tarawa su tafi Iten a Kenya, mai tsawon kusan mita 2,400, inda Lornah Kiplagat, haifaffiyar Kenya da ta yi wa Holan gudu, ta gina sansanin horo. Wasu kuma tanti suke saya mai rage iska su kwana a ciki. Jos wajen mita 1,200 take. Ba ta kai Iten ba, amma duk lokacin da na faɗa wa kocinmu inda na taso sai ya girgiza kai. Ba banza ba yaran Pankshin suke gaba a dogon tsere a gida.

To ga yadda nake ganin a kashe kuɗin. Zan sayo maka belin ƙirji na auna bugun zuciya guda huɗu, Polar H10, 'yan Finland, kowanne ƙasa da Yuro 100. Ba ruwansa da launin fata ko rana, domin wutar zuciya yake ji, ba haske ba, batirinsa kuma irin na agogo ne mai faɗi, masu gyaran agogo suna da shi. Zan haɗa da agogon Garmin hannu na biyu daga Marktplaats, kasuwar gwanjon intanet ta nan, inda ake samun masu kyau da araha saboda mutanen nan ba sa daɗewa da tsohon yayi. Ragowar ka kai yaran gwajin jini, ka sayi babban littafi mai ƙwari, kowane yaro da shafukansa: bugun zuciya da asuba kafin ya sauko daga gado, nisan da ya yi, lokacin, da yadda ya ji. Ofishin da ke kula da harkokin Eliud Kipchoge a garin nan yake, kuma sananne ne cewa shi kansa da hannu yake rubuta atisayensa a littafi.

Idan bayan shekara littafin ya cika, ka kai inda tambayoyinka suka fi ƙarfin beli da agogo, sai mu sake magana. Ko a lokacin ma guda ɗaya ta isa, kuma zai fi kyau ka nemi wani malami a sashen nazarin aikin jiki na Jami'ar Jos ku yi tarayya, shi ya samu abin bincike a kan fatar da ba a cika gwada na'urar a kanta ba, kai ka samu mai karanta maka lambobin.

Ka turo min lambar takalman yaran da ka ce suna gudu da na makaranta, domin a ƙarshen kaka 'yan kulob sukan tara waɗanda suka daina sawa, da yawa da sauransu. Ka rubuta tsawon ƙafa da santimita, lambobin nan da na gida ba sa zuwa ɗaya. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin gwiwar yana cikin kayan.

Ƙaninka, daga Nijmegen.