Always ko handler: da wanne za a yi shara a Ansible?

Abokan aiki sun sha tambayata da wanne za su goge fayilolin wucin gadi idan Ansible, manhajar sarrafa sabobi ta atomatik, ya kammala aiki.

Always, sashen da ke gudana bayan block (rukunin ayyuka), ya zo tare da block a Ansible 2.0, shekarar 2016. Ko aiki ya yi kyau ko ya lalace, zai gudana nan take, sai dai in sabar ta katse. Shi ya sa nake dogara da shi wajen goge kalmar sirri daga faifai.

Handler kuwa aiki ne na musamman da sai wani abu ya canza ake kiransa, kuma yana jiran ƙarshen play (jerin ayyukan da ake gudanarwa a kan sabobi). Kuskure ɗaya zai hana shi tashi in ba a kunna force_handlers (saitin da ke tilasta masa gudana) ba.

Mai sharar dole, always ne nasa. Mai son sake tayar da Nginx (manhajar sabar yanar gizo) sau ɗaya bayan gyare-gyare da yawa, handler ya fi masa.