Gargaɗi: mai tallar tafiya Disneyland Paris a WhatsApp ya ci mini miliyan ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa na Yamai, dan Allah duk wanda ya ga wannan ya tura ma nashi, musamman mata masu shirin kai yara yawo a bakans. Kwana goma ina jin kunyar rubutawa, amma jiya wata ta turo mini tallarshi a wani gurup, sabuwar nimero, sabon suna, hotunan dai su ne ba canji, na ce to shiru ya ƙare.

Mutumin yana yawo a gurup-gurup na WhatsApp da Facebook wai ajans gare shi, yana kai iyali Disneyland Paris, wani babban wurin wasa da shaƙatawa kusa da Paris, babba jikka 900, yaro jikka 600, ciki har da biyen jirgi da otel kwana 4 da tikitin shiga da biza. Ni da yarana biyu na rubuta. Miliyan ɗaya cif na ba shi, kuɗin adashina na shekara guda.

Kar ku ce ina hankalinki Hajiya, bari in faɗa muku abin da ya ja ni. Na taɓa zuwa wurin a 2019 lokacin da na je ganin yayata da ke aure a Faransa. Wlh wurin yana da kyau, ba zan ɓata shi ba dan an cuce ni da sunanshi. Daga cikin Paris jirgin ƙasa RER A za ka shiga har tashar ƙarshe, Marne-la-Vallée Chessy, wajen minti 40, kana fitowa ga ƙofar nan gabanka. Tun 1992 aka buɗe shi amma ko ina fes kamar jiya aka gama fenti. Da yamma ana yin jerin gwano da kiɗa da mutane cikin kayan su Mickey, da dare kuma a haska gidan sarautar nan na tsakiya ana harba wuta sama, ni da girmana na saki baki ina kallo har yaya ta ce rufe bakinki kar ƙuda ya faɗa. Wahalarshi kuma ba mai faɗa maka ita a hoto. Layi ne za ka bi fiye da awa ɗaya dan lilon da bai wuce minti biyu ba, ga sanyin Disamba yana shiga har ƙashi, abinci tsada kamar me, naman ma ban yarda da shi ba sai soyayyen dankali na wuni ina ci, salla sai da muka nemi wani lungu muka shimfiɗa gyale. Na koma gida ƙafafuna sun kumbura. Duk da haka tun da na nuna ma yara bidiyon ba su bar ni na huta ba, kullum Mama yaushe, Mama yaushe. To kun ga inda ya same ni.

Da farko a tallar ya rubuta jirgi kai tsaye Yamai zuwa Paris. Na ce mishi ai Air France ya daina sauka Yamai tun Agustan 2023, sai ya yi dariya a bokal ya ce Hajiya tsohuwar talla ce, ta Kasablanka za mu bi. Nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Ya kira ni buro ɗinshi, wani ɗaki a saman bene wajen Plateau, da kilim da kwamfuta da wata yarinya mai kawo ruwa, bakinshi kamar zuma, Hajiyata, uwata, yaranki yarana ne. Na ba da abans jikka 550 ya ba ni resi mai kashe har biyu. Bayan kwana uku ya turo mini takardar jirgi da sunayenmu daidai da lambar nan mai harafi 6, na shiga shafin kamfanin jirgin na saka, sai ga sunana ya fito. Hankalina ya kwanta gaba ɗaya, har na tura ma ƙawata ita ma ta rubuta, wannan ya fi kuɗin ci mini rai.

Ashe wannan takardar ajiyar wuri ce kawai, rezarbasiyon, ba biye ba. Ana iya kama ma mutum kujera ba a biya ko dala ba, ta zauna 'yan kwanaki, in ba a biya ba ta goge da kanta. Biyen da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, tawa takardar babu ita ko kusa. Ƙanen maigidana ne ya gane, shi yana yawan tafiya saro kaya, kallo ɗaya ya yi ya ce Anti ina nimeron biyen? Muka sake dubawa a shafin, wayam, babu mu babu alamarmu.

Kafin nan kuwa na riga na ƙara mishi jikka 450, wai kuɗin biza da asurans, 150 kowane kai, ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce yana da mutum a ambasad, ba sai na je ba. Wace ambasad? Ta Faransa a Yamai an rufe ta tun farkon Janairun 2024, kowa ya sani, ni ma na sani, amma ya ce wai akwai ƙofar baya ta manya. Jama'a babu wata ƙofar baya. Bizar Schengen, wato ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai, sai babba ya je da kanshi an ɗauki zanen yatsunshi, yara 'yan ƙasa da shekara 12 ne kawai aka ɗauke ma, kuma zanen wata 59 yake aiki, nawa na 2019 ya daɗe da mutuwa. Kuɗin bizar kuma tun Yunin 2024 yuro 90 ne babba, wajen jikka 59 kenan tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, yaro mai shekara 6 zuwa 12 rabin haka. Mu uku jikka 120 ma ba ta cika ba. Kuma ko ka biya ba dole a ba ka ba, duk wanda ya ce maka biza garanti maƙaryaci ne, ban cire kowa ba.

Tikitin shiga wurin ma da ya turo mana, hoto ɗaya ne ya raba ma kowa, da muka haɗu da sauran waɗanda ya cuta muka jera wayoyi sai ga lamba iri ɗaya sak, suna kawai ya canza.

Ranar da na koma buron ƙofa a rufe da kwaɗo. Mai gadi ya ce ɗakin wata ɗaya aka kama, sun kwashe kaya da dare. Allah Ya taimake ni ya bar fasfo ɗin a leda wajen mai gadin, ko buɗe su bai yi ba. Wayarshi a kashe, ya toshe ni ko ina. Nimeron da aka tura ma kuɗin na biyu ma ba da sunan da ya faɗa mini take ba, ya ce ta akawunshi ce, ni kuma na yarda.

Yadda za ku gane shi: yana fara magana da salati, yana cewa saura wuri uku kawai a yi sauri, baya yarda ka biya ta banki sai hannu da hannu ko a tura ma wata nimero, kuma hotunan iyalan da yake cewa ya kai duk babu fuskarshi a ciki ko ɗaya. Wani lokacin ya ce Dubai ne, an ce mini can ma da irin wannan takardar ya yi.

Mun kai ƙara PJ, wato 'yan sandan binciken laifuka, tunda akwai dokar 2019 kan laifukan intanet, sun ce a kawo resi da bokal da hoton duk hirar da aka yi, kar a goge komai. Yanzu mu bakwai ne muka san juna. In kin ba shi kuɗi, ko kina shirin ba shi, ki yi mini magana ta inbos, ranar Litinin da safe za mu sake komawa tare. Ƙawata da na jawo kuma na ce zan biya ta rabin nata kaɗan-kaɗan, ta ce a'a, amma har yau ban iya haɗa ido da mijinta ba.