Wajen balansi na hanyar Zariya: sai sun gama tambayarka kafin su ɗauko sifana

Duk mai motar da ke rawa da zarar ya hau babban titi ya taka ta kai gudun kilomita 100 a awa, to kafin ya fara zubar da kuɗi wajen canza shokozoba da tairod da su boljoyin, shawarata ya fara leƙa masu balansi na gaske, wato masu daidaita nauyin taya don ta juya ba rawa, masu na'ura. Wanda zan yi magana a kai yana nan kan hanyar Zariya a Kano in kana fita gari, ba zan kama suna ba don kar a ce talla aka biya ni, kuma dai akwai abubuwan da ba su yi min ba a wajen waɗanda zan faɗa ba ɓoye-ɓoye. Amma a kan gano ciwon mota kam, gaskiya sun iya.

Motata Corolla ce 2010, tayoyi 195/65 R15. A cikin gari lafiya lau take, ko kofin shayi ka ɗora a gaba ba zai zube ba. Amma in na miƙi hanyar Kura zuwa Kwanar Dangora inda titin ya yi santsi, maleji na haura 90 sai sitiyari ya fara kyarma a hannu, ya kai wajen 105 har madubin tsakiya ba ka ganin komai a ciki sai dishi-dishi, abin mamaki kuma in ka ƙara wuta kaɗan sai ta ɗan lafa. Kowa da fatawarsa. Wani ya ce alaimen ne, wani ya ce shokozoba ta mutu, wani bakanike ma ko kallon ƙasan motar bai yi ba ya ce sai an canza kujerar inji duka, ya fara lissafo min kuɗin kaya a Ƙofar Ruwa.

Abin da ya fara burge ni a wannan shagon shi ne ogan, wani dattijo mai ɗan furfura da biro a bayan kunne, bai bari yaransa sun taɓa motar ba sai da ya tsare ni da tambayoyi kamar a asibiti. Alhaji a ina kake jin rawar, a hannu ne ko a mazaunai? Daga gudu nawa take farawa? In ka ɗaga ƙafa daga totur tana dainawa ko tana nan? In ka taka birki fa, ƙaruwa take ko ba ruwanta? Yaushe rabonka da faɗawa rami da ƙarfi, kuma wa ya yi maka faci na ƙarshe? Ni har na fara ƙosawa don rana ta yi, na ce Baba ai ku ne masana, a ɗora ta kawai a gani. Ya ce a'a, ai amsar nan da kake ba ni ita ce rabin aikin, na'ura ba ta san abin da ka ji a hanya ba.

Kuma da ya yi bayani sai na ga hikimar. Rawar da ke zuwa ta sitiyari galibi daga ƙafafun gaba take, wadda kake ji a kujera da ƙasan mota kuwa daga baya take. In rawar ba ta zuwa sai ka taka birki daga babban gudu, har fedar birkin na bugun tafin ƙafarka, to ba ruwan taya, faifan birki ne ya lanƙwashe ko ya cinye ba daidai ba. In kuma sai kana ba ta wuta take yi, ka ɗaga ƙafa ta yi shiru, to a duba shaf, musamman joyin ɗin ciki na kusa da giya a motoci masu jan gaba irin tawa, a manya irin su Hilux kuma a duba farfela da kuros ɗinta. Kujerar inji da bakaniken can ya so ya sayar min ita ce ke sa mota rawa tana tsaye a danja, inji na aiki giya na D, ba sai ka kai 100 ba. Boris kuwa in ya fara mutuwa ya fi yin gurnani, wuuu, yana ƙaruwa da gudu kuma sautin na canzawa in ka karkata hagu ko dama. Duk wannan a tsaye ya zayyana min, yana nuni da hannu, ko minti goma ba a yi ba.

Alaimen da kowa ke cewa a yi, ya ce min Alhaji in kana so zan yi maka in karɓi kuɗinka amma ba zai hana rawa ba. Aikin alaimen shi ne in mota na ja gefe guda, ko sitiyari ya karkace alhali kana tafiya miƙe, ko taya na cinyewa ta gefe ɗaya. Mutanenmu da yawa sun haɗe balansi da alaimen sun mayar da su abu guda, shi ya sa za ka ga mutum ya yi alaimen ya koma ya sake yi, motar na nan tana rawarta, ƙarshe ya ce ai motar ce ta tsufa. Mai shago ya ƙi karɓar kuɗin aikin da kai da kanka ka zo kana nema, a wannan zamanin, ai dole a yaba.

Daga nan ya ce mu fita gwaji. Shi ya karɓi tuƙi, muka miƙa hanyar Kura, ya kai ta inda take rawar ya riƙe sitiyari da yatsu biyu kawai yana saurare, ya ɗaga ƙafa daga totur rawar na nan, ya taɓa birki a hankali ba abin da ya canza, sai ya gyaɗa kai ya ce ƙafa ce, kuma ta gaba, amma akwai wani ɗan abu a baya ma. Ya kuma tuna min cewa 'yan Road Safety ba su yarda ƙaramar mota ta wuce 100 ba ko a kan babban titi mai hannu biyu, don haka wannan ƙara wutar da nake yi don ta lafa ba magani ba ne, neman wata fitinar ce.

Da muka dawo aka ɗaga motar. Kafin a kwance komai ya kama kowace taya sama da ƙasa ya girgiza, ya sake kamawa hagu da dama ya girgiza, wai ta haka ake jin in boris ko boljoyin ko tairod na da wasa. Nawa ba su motsa ba. Sannan aka kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya aka kai kan na'ura, yaron ya fara ɓamɓare tsofaffin dalmomin da ake maƙalawa a jikin rim don daidaita nauyin taya, da laka busasshiya da ta maƙale ta ciki, wadda ita kaɗai ma tana iya jawo rawa bayan damina. A ƙafar gaba ta dama na'urar ta nuna 45 a ciki 30 a waje, giram ke nan na nauyin da ya rinjaya gefe guda. Ni da na ga lambar na ce haba, giram 45 ai ko ƙwan kaza bai kai ba, shi zai girgiza mota sukutum?

Sai na zo na yi lissafin da kaina daga baya. Tayar 195/65 R15 zagayenta ya kusa mita 2, wato a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa guda. Ko giram 40 ne ya yi yawa a bakin rim, a wannan juyin, yana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kai nauyin kusan kilo 6, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 14 kowace daƙiƙa. Kuma ƙarfin ba tafiya yake daidai da gudu ba, in ka ninka gudu biyu shi sai ya ninku huɗu, shi ya sa a 50 ba ka jin komai. Duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin fankar sama mai lanƙwasasshen fiffike ya san abin, a lamba ɗaya shiru, ka kai ta biyar kamar za ta tsinko. Lafawar da take yi in an wuce wani gudu kuwa ba warkewa ba ce, akwai gudun da bugun tayar ke haɗuwa da lilon sifirin da shokozoba sai abin ya yi tsanani, in ka wuce wajen ya ragu a hannunka amma ƙarfen ƙasa na nan yana shan duka.

Inda na san ba 'yan buga dalma a sallame ka ba ne shi ne abin da ya biyo baya. Yaron ya riga ya ɗauko dalma zai buga, ogan ya ce tsaya, juya min ita da hannu a hankali. Ya ɗauko alli ya riƙe shi dab da leɓen rim ɗin ta ciki ba tare da ya motsa hannu ba, tayar na juyawa, sai ga allin yana taɓawa a wuri guda yana tsallake sauran. Ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Rim ɗin ya ɗan lotsa ta ciki, inda ba za ka taɓa gani ba in tayar na jikin mota, aikin rami ne. Ya ce wannan ko ka cika ta da dalma na'ura ta nuna sifili sifili, a hanya sai ta yi tsalle, don na'urar nauyi take aunawa, ba ta gyara abin da ba zagayayye ba. A tayar baya ta hagu kuma ya shafa tafin hannunsa a kan gadonta yana zagayawa, ya tsaya a wani wuri ya ce ka ji nan, na shafa na ji wani ɗan tudu kamar an cusa abu a ƙarƙashin robar. Wayar ciki ce ta fara rabuwa. Ya nuna min lambobi huɗun nan na ƙarshen rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, tawa 1416 ce, wato mako na 14 a 2016, gwanjo ce da na saya don zanenta na da kyau. Kamfanin Michelin ma da kansa cewa yake taya in ta shekara biyar a riƙa dubata duk shekara, in ta kai goma a cire ko da ba ta cinye ba, to balle a zafin kwaltar watan Afrilu. Ya ce Alhaji wannan ba ta balansi ba ce, ta bola ce, kuma ba zan mayar maka da ita ka hau hanyar Kaduna da iyali ba.

Ba ya sayar da taya, wannan ma ya ƙara sa na yarda da maganarsa. Aka sa min safaya a baya, rim ɗin da ya lotsa aka mayar da shi baya na ɗan lokaci aka kawo mai lafiya gaba, aka yi wa duka balansi, aka auna iska da geji bisa takardar da ke jikin ƙofar direba, ba bisa bugun taya da sifana irin na masu facin bakin titi ba. Muka sake fita, sitiyari tsit har 100, sai ɗan motsi kaɗan da nake ji a kujera wanda dama ya faɗa min zan ji har sai an gyara rim ɗin.

To yanzu abin da bai yi min ba. Wajen zama babu, benci ɗaya ne a ƙarƙashin wata rumfar kwano kuma yaran shagon ne a kai suna danna waya, in kai mai saurin fushi ne ka zo da haƙurinka. Layi kuma ba tsari, wanda ya san oga ko ya zo da babbar jif sai ka ga an tsallake ka da sunan ai nasa minti biyu ne. Na'urar balansi ɗaya ce, in aka ɗauke wuta sai an jira a tada janareta, shi ma sai an lallaɓa shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗaure noti, yaran da bindigar iska suke ɗaurewa har sai ta daina motsi, alhali Corolla irin tawa 103 Nm ne ma'aunin notinta, kuma ɗaurin wuce kima ba bisa tsari ba yana iya jawo wa faifan birki matsala, ga shi ranar da ka yi faci a daji ba za ka iya kwancewa da sifanar mota ba. Suna da sifana mai ma'auni, na gan ta a rataye, amma sai da na yi magana ogan ya daka wa yaron tsawa sannan aka sassauta aka sake ɗaurewa a tsallake-tsallake yadda ya kamata. Masu rim ɗin alminiyam kuma ku ce a sa muku dalma mai gam ta ciki, in ba ku faɗa ba ta bugawa za su ɗauko su ƙwarzane muku leɓen rim. Rasit ma sai ka nema, kuma POS ɗinsu netwok sai a hankali, gara ka riƙe tsabar kuɗi.

Kuɗin aikin ya ɗan ɗara na masu balansin cikin unguwa, ana kuma lissafa dalma daban, amma fita gwajin da duban ƙasan motar bai caje ni ko sisi ba, man motata kawai aka ƙona. In aka haɗa duka bai kai kuɗin shokozoba guda ɗaya ba, ballantana kujerun injin da aka so in saya.

Ba sa gyaran rim a wajen, ba sa taɓa shaf ko faifan birki, in ciwon naka can yake za su faɗa maka su ce ka koma wajen bakanikenka. Ni rim ɗin sun tura ni wajen wani mai injin matsa rim a cikin gari, ya kuma ja kunnena cewa in na ƙarfe ne a miƙar ba komai, amma na alminiyam in ya tsage kar in yarda a yi min walda in sa a gaba, kuma bayan an miƙar in dawo da shi a sake ɗora shi a na'ura don nauyinsa zai canza. In za ka je ka je da safe kafin direbobin haya su cika wajen, ranar Juma'a kuwa in sha biyu ta wuce kar ma ka wahalar da kanka.