Jama'a hattara da matar nan mai ruwan kurkure baki na "wata guda"

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. N45,000 fa, N45,000 na tura wa matar nan a kan kwalba uku na ruwan kurkure baki, wai ka kurkure sau ɗaya ya yi wata guda cur yana kashe ƙwayoyin cutar baki, wari ya tafi, har dattin nan da ya daskare a gindin haƙori wai narkewa zai yi da kansa ba sai an kankare ba. Daga Dubai wai ake kawo mata.

Kuma dan Allah kar wanda ya zo min da "ai ke ma kin yi gaggawa", ni ba yarinya ba ce, sai da na tambaye ta lambar NAFDAC ta ce tana jikin kwali, na ce turo hoto ta turo wani dishi-dishi ta ce kyamarar wayarta ce, sannan ta biyo ni da muryar nan a WhatsApp, "haba Hajiyata, ni da nake da 'ya'ya zan cuce ki? wallahi shi nake ba mahaifiyata." Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Shi nake ba mahaifiyata. Wa zai ji an sako uwa a zance ya ci gaba da zargi? Ɗaya N18,000, ta ce in zan ɗauki uku ta bar min N45,000 saboda a gurup ɗin adashinmu na same ta.

Yanzu dai ta yi bulokin ɗina. Kafin nan ma, abin da ya fi ci min rai, na riga na kai wa surukata kwalba ɗaya ina ta zuba mata bayani kamar ni na haɗa shi. Ruwa ne kore shar mai ƙamshin na'a-na'a, sitika a karkace da hannu aka manna, babu ranar lalacewa, babu jerin abin da ke ciki, kwalin da aka ce lamba na jiki ma bai zo ba, a baƙar leda direba ya miƙo min a tasha.

Da na nuna wa likitar haƙori sai ta juya kwalbar kawai ta ajiye. Ta ce ko sinadarin kashe ƙwayoyin cuta na chlorhexidine da ya fi kowanne ƙarfi, wanda ke cikin ruwan kurkure baki na Corsodyl, yana manne wa haƙori da dasashi ne ya yi kamar awa 12, shi ya sa ake cewa safe da dare, kuma ba a daɗewa a kansa don yana rina haƙori da harshe su yi ruwan ƙasa, yana canja ɗanɗano, sannan in ka goge da makilin sai ka jira wajen minti 30 kafin ka kurkure. Masu CPC a ciki kuwa, wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ne shi ma, 'yan awanni kawai suke yi. Dattin nan mai yauƙi cikin awanni yake sake taruwa, buroshi ko asuwaki ke fidda shi, in ya daskare kuma babu ruwan da ke narkar da shi sai an kankare.

Awa 12, ita kuma wata guda ta ce min, ta karɓi N45,000! Mahaifiyarta wai.

Ina da sikirinshot ɗin hirarmu kaf da rasit na tiransifa da muryar, zan ɗora in wayata ta yi caji. Duk wanda ya ce muku kurkurar baki sau ɗaya na yin wata, maƙaryaci ne, ku je kemis ku duba lambar NAFDAC da idonku kafin ku tura ko sisi.