Zubar da ciki ko bayar da riƙo?

Idan yarinya ta yi cikin da ba a so a Bauchi, hanya biyu ake nuna mata a ɓoye: a zubar, ko ta haihu a ba wani ya riƙa.

Zubarwa na saurin rufa asiri, shi ya sa wasu iyaye ke rugawa gare ta. Amma dokar laifuka ta Arewa ta hana, sai don ceton ran uwa, kuma hukuncin na iya kai shekara 14 a gidan yari. Malaman Malikiyya ma sun tsananta. Sai a koma kemis na lungu, inda zubar jini ke kashe 'yan mata.

Riƙo kuwa ba baƙonmu ba ne. Goggo da inna sun saba. Musulunci ya yarda da shi, ya dai hana sauya wa yaro nasaba, kamar yadda Suratul Ahzab ta bayyana. Ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya. Ni riƙo na zaɓa, ko da yake nauyinsa na kan yarinyar: watanni na gori, makaranta ta tsaya, wanda ya yi cikin kuwa ba mai tambayarsa.