Word ko Google Docs, wanne ya fi dama wajen heda da lambar shafin firojek?

Ƙanwata da kika yi tambaya jiya da dare, kin ce kina shekarar ƙarshe a Jami'ar Jos, da kin canza heda, wato rubutun saman shafi, a babi na 2 sai ya canza har na babi na 1, lambar shafi kuma ta ƙi farawa daga 1, wai ko ki bar Word ki koma Google Docs. Toh ni shagon taifin nake da shi nan wajen Farin Gada, wannan ciwon kan kusan kullum sai an kawo min shi in lokacin difens, wato kare firojek a gaban malamai, ya matso.

Gaskiya ba laifin Word ba ne. Na tabbata Ctrl da Enter kika danna don babi ya koma sabon shafi, shi kuwa shafi kawai yake tsallakawa, takardar tana nan a matsayin sashe guda, shi ya sa duk abin da kika sa a heda ko futa, wato rubutun ƙasan shafi, yake bin ko'ina. Sai kin yanka ta sashe-sashe. A Word ki shiga Layout, Breaks, ki zaɓi Next Page na ƙarƙashin Section Breaks, sai ki danna saman shafin sau biyu za ki ga an rubuta Same as Previous a gefen dama, ki kashe Link to Previous kafin ki taɓa ko harafi ɗaya. Kuma inda mutane ke faɗawa rami shi ne heda da igiyarsa daban, futa da tasa daban, ka tsinke ta sama ka manta ta ƙasa sai lamba ta ci gaba da yi maka iskanci.

Google Docs ma yana da wannan, Insert, Break, Section break, sai ki cire alamar Link to previous, kuma wallahi nasa ya fi sauƙin ganewa don babu tarkacen maɓallai. Fara lamba daga 1 a tsakiyar takarda shi ma yana yi.

Amma ga inda suka rabu. Shafukan farko na firojek, su sadaukarwa da godiya da abstrak, malamai suna son lambar Romawa i, ii, iii, sai babi na 1 ya fara da 1, 2, 3. Word yana yin wannan cikin minti ɗaya ta Format Page Numbers, kowane sashe da irin lambarsa. Docs kuwa 1, 2, 3 kawai ya iya, sai dai ki riƙa yanka kowane shafi ki buga lambar da hannu, aikin wahala kenan, da sufabaiza ya ƙara miki sakin layi ɗaya komai ya rikice.

Word ɗin ma yana da nasa mugun halin fa. In kika goge alamar rabuwar sashe, sashen sama ne yake ɗaukar tsarin na ƙasa. Wani yaro ya taɓa zuwa min da filash ana gobe zai miƙa aiki, ya goge alamar da ke saman wani tebur da aka kwantar da shafinsa, gaba ɗaya babi na 4 ya kwanta, ga sanyin Jos ana kaɗawa amma shi gumi yake. Don haka ki danna Ctrl, Shift da 8 tare ki riƙa ganin alamomin kafin ki goge komai.

In ni ce ke, zan yi rubutun a Docs in dai malamin yana gyara ta intanet, tunda ko NEPA sun ɗauke ba abin da zai ɓace, in an gama sai in sauke shi in yi su heda da lamba a Word a kan laftof, ba a waya ba. Kuma ki maida shi PDF kafin ki kai wajen firintin, don kwamfutar shago tana iya ture miki shafuka.